Gajere Ya Daina Cara

Badariya, Birnin Kebbi
6 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Albashir,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fata kana lafiya, kai da Hanifa da yara. Yaya jikin Inna? Yaya idon nata? Mu nan lafiya lau, sai fama da rashin wuta a shago. Mansura tana gaishe ku. Na kira layinka har na gaji, sai Dankure direba ya ce mini wayarka tana ƙasan gulbi tun watan jiya, kifi ke amsa kira. Shi ya sa na koma takarda, kuma shi zai riƙa kawo maka.

Ba wata babbar magana ba ce. Na ƙera wa kajina akurki. Ba irin naku na laka da kara ba. Na ƙarfe ne, da raga, da rufin kwano, da ƙofa mai sakata, ƙasa kuwa siminti. Da hannuna na yi shi, kamar yadda na yi komai nawa tun ranar da na bar Gulma da riga ɗaya na zo koyon walda. Maƙwabta har leƙowa suke yi. Wani malami daga unguwar Gesse ya ce in yi masa irinsa.

Na kuma sayo zakaru biyu na gidan gona, farare, manya. Ɗaya na sa masa Kwamanda, ɗaya Manaja. Kwamanda in ya miƙe wuya yana wuce mini gwiwa. Da Gajere, wanda Inna ta ba ni da Sallar bara, zakaru uku ke nan, kaji mata kuma shida.

Ka san abin da ya sa na sayo su? Ranar sunan gidan Abbas a Argungu, ina zaune bisa tabarma, motata na ƙofar gida kowa na gani, amma mutane ba su da zance sai jan zakaranka. Wai ya yi kyau, wai irin kajin Inna ne sak, wai Albashir ya iya kiwo. Ba wanda ya tuna cewa rana ɗaya Inna ta raba mana su. Ta miƙa maka Ja mai zanko tsaye da ƙirji kamar ɗan kokawa, ni ta miƙo mini wani ɗan gajere mai guntun bindi. Carar dai iri ɗaya ce, wannan ta kajin Inna mai karyewa a tsakiya kamar tari ya sarƙe mutum, amma ban da ita ba abin da ya haɗa su. Ban ce komai ba a lokacin. Yanzu ma ba cewa nake yi ba, tunawa ce kawai.

To, ga abin da ake ciki. Tun da na zuba su akurki ɗaya, faɗa suke yi safe da yamma. Kajin mata duk sun yi sanƙo a gadon baya, ƙwai biyar da muke ɗauka ya koma ɗaya. Na ƙara dusa, na ƙara tsaba, na ƙara wa ragar kauri. Ba shawara nake nema ba, zan gano kansa. Amma in akwai abin da kuke yi can ƙauye, ka rubuto in ji, ko don nishaɗi.

Ga sabulu da man zafi, ka ba Inna.

Yayanka,
Riskuwa Mai Walda


Gulma
10 ga Yuli

Yaya Riskuwa,

Salamu alaikum. Takardarka ta iso, saƙon Inna ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Muna lafiya. Shinkafa ta tashi da kyau, ruwa na ƙaruwa a gulbi. Idon Inna ya rufe gaba ɗaya yanzu, sai kunne. Na karanta mata gaisuwarka, ta yi dariya wurin kifi.

Batun kaji. Zakara uku ga kaza shida sun yi yawa, ko a fili ne. Mu nan abin da ke hana su kashe juna shi ne wanda aka kora yana da wurin gudu. Ka tuna tsohon jirgin ruwan Baba da aka kife bayan rumbu? Ƙarƙashinsa masu shan kashi ke fakewa har mai ƙarfi ya manta da su. Zakara ba ya bin abin da ba ya gani. Akurkinka na ji yana da kyau, amma ba shi da lungu. Ka ajiye kaskon abinci biyu, inda mai ci a wannan ba ya hango wancan. Kuma ka rage su.

Tunda ragewa za ka yi, ka aiko mana da Gajere ta hannun Dankure. Shi kaɗai muke buƙata daga gidanka. Don Allah kada ka daɗe.

Ƙanenka,
Albashir


Badariya
13 ga Yuli

Albashir,

Lafiya muke. Allah ya ba Inna sauƙi.

"Shi kaɗai muke buƙata daga gidanka." Na karanta layin nan sau bakwai, na ba Mansura ta karanta, ta ce ita ba ta ga komai ba. Ni na gani. Shekara goma sha tara ina tara gidan nan ƙarfe bayan ƙarfe, kuma cikin duk abin da ke cikinsa ba abin da ya ishe ku kallo sai ɗan zakaran da kuka ba ni da kanku. Ja yana hannunka. An ba ka babban, yanzu ƙaramin ma a dawo maka da shi?

Haka dai aka saba. Ina shekara shida aka kawo ni gidanku bayan rasuwar mahaifiyata. Na san matsayina, kakanninmu ne kawai wa da ƙane, kai ne ɗan cikin Inna, ba na jayayya. In an soya kifi, kai a ba ka tsakiya, ni a ba ni kai. Jirgi naka, fadama taka, gefen tabarmarta naka. Ban taɓa ƙorafi ba. Na tashi na yi kaina da kaina, don zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ragowa aka saba ba ni, kuma da ragowar na zama mutum.

Sannan wai akurkina ba lungu. Ni da nake ƙera ƙofofin manyan gidajen Gesse, ni za a koya wa gini da ruɓaɓɓen jirgi!

Gajere ba ya zuwa ko'ina. In zakara Inna take so, ga Kwamanda nan na ba Dankure cikin kwali. A ɗora mata shi a cinya ta ji nauyinsa, a faɗa mata daga wa ya fito. Sannan a sake shi kusa da Ja, mutanen Gulma su auna da idonsu. Ka ce in rage, ka ga na rage.

Riskuwa


Badariya
5 ga Agusta

Albashir,

Ina fata kuna lafiya, tunda ba ni da hanyar sani.

Mako uku ke nan. Na aiko da zakaran da ba a taɓa ganin irinsa a unguwarku ba, ko "mun gani" ban samu ba. Dankure ya ce ruwa ya hau hanya, ba ya wuce Argungu yanzu. To, sai me? Kai masunci ne, ɗan masunci. Ruwa ne zai hana ka aiko da takarda tasha?

Na yi ta lissafi a raina. Ko dai ka ce wa Inna kai ka sayo shi, shi ya sa kake jin nauyin rubuto mini. Ko kuwa ka ga ya rufe Ja, ka ɓoye shi bayan rumbu don kada mutane su gani. Mansura ta ce in ji tsoron Allah. Ina jin tsoronsa, amma na san yadda ake yi mini. Jiya ina cikin yankan ƙarfe na tuna yadda take kiranka "Bashari na", har na yanke inci biyu fiye da awo. Ban taɓa ɓata ƙarfe haka ba tun ina yaron shago.

Nan kuma shawararka ta ragewa ba ta haifi ɗa mai ido ba. Ashe Kwamanda ne ke taka wa Manaja burki. Da ya tafi, Manaja ya hau kujera, kuma ya fi shi mugunta nesa ba kusa ba. Ba ya barin Gajere ya kusanci kasko. Yini yake yi a kusurwa, kansa cuse cikin raga. Rabon da in ji cararsa an fi kwana goma. Ba don komai na faɗa ba, don ka san irin abin da kake ta naci a kai.

In ka ga dama ka amsa.

Riskuwa


Gulma
12 ga Agusta

Yaya Riskuwa,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da shiru. Ruwa ya ci mana rabin shinkafa, muna ta fama, amma ba shi ya hana ni rubutu ba. Kunya ce. Yau zan faɗa maka duka.

Ja ya mutu. Ciwon nan da ke murɗe wa kaji wuya ya shigo unguwarmu farkon damina, cikin kwana tara ya share mini ashirin da uku. Saura tsofaffin kaji biyu. Ranar sunan Abbas da kake jin ana yabonsa, kwanansa huɗu a rami. Ina zaune kusa da kai ina amsa yabon, na kasa buɗe baki. Kai ka zo da mota, ni in ce ko kaza na kasa riƙewa?

Tun da idon Inna ya rufe, da carar nan take sanin asuba. Lasifikar masallaci na nan, amma ta ce wannan ta kowa ce. Ita da muryar nan take tashi shekara hamsin, tun kajin da ta zo da su daga gidan ubanta a Augie. Da ta daina ji, ta daina tambayar lokaci. Sai mun tashe ta, kuma ko an tashe ta ba ta son zama. Abinci loma biyu ne. Duk duniya Gajere ne kaɗai namijin da ya rage a irin. Abin da nake nufi ke nan, ban iya rubutu kamar kai ba.

Kwamanda ya iso ina fadama. Hanifa ta ɗora mata shi a cinya, ta faɗa mata daga wa ya fito. Ta shafa shi, ta sa maka albarka, ta ce yana da nauyi. Washegari ya yi cara har kwanon ɗaki ya amsa. Ta ce, "Wanga baƙo na. Ina mai tarin?"

Ga abin da ya fi nauyi. Ni in ina karanta mata wasiƙarka, ina tsallake layi. Hanifa ba ta san ana tsallakewa ba. Inna ta ce ta karanta, ta karanta duka, har kan kifi, har ragowa.

Da la'asar ta kira ni. Sannan ta ce in rubuta maka wannan, kuma in na canza kalma ba ta yafe ba:

"Riskuwa, kan kihi kai kaka kuka sai an ba ka. Kac ce nan wayau yake, kana son ka hi kowa wayau. Gajeren ga kau, muzuru ya ɗauke uwatai shina kwana ukku. Cikin ƙwarya niy yi renonai, ɗakina, da ruwan gero. Ja kowa na iya riƙonai. Wanga sai wanda yas san zama babu uwa. Shi yas sa nib ba ka. Ka aiko man shi in ji muryatai, in ya so in maido maka."

Na rubuta yadda ta faɗa.

Albashir


Badariya
14 ga Agusta

Albashir,

Allah ya mayar maka da alherin shinkafarka. Ka gaida Inna. Wannan takardar kai za ka karanta da kanka.

Ba zan iya aiko shi ba. Manaja ya tsone masa idon hagu tun makon jiya, ban rubuta ba don kada ka ce ka faɗa. Wuyansa duk a fige yake. Ba ya cara, ko motsin yi ba ya yi. Ba zan aiko wa Inna bebe ba. Ta ba ni amana don ta ga na san abin, ni kuma na kulle shi cikin ƙarfe da ƙattai biyu don in burge mutanen da ke kan tabarmar Abbas.

Ga abin da na yi jiya. Manaja na kai shi bayan shago, shi kaɗai, ya je ya yi wa buhunan gawayi mulki. Na ɗauko injin yanka na buɗe gefe ɗaya na akurkin gaba ɗaya, kajin su riƙa fita tsakar gida. Maƙwabcina yana kallo ta katanga yana cewa, "Oga, wannan kyakkyawan aikin?" Na ci gaba da yanka. Ba ni da jirgi, amma ina da wata ƙofa, ta farko da na taɓa ƙerawa, karkatacciya, wadda mai ita ya ƙi karɓa. Shekara goma sha tara tana ɗakin ajiya, ba na son kowa ya gan ta. Na jingina ta da bango, ta yi lungu. Kasko biyu, kamar yadda ka ce. Ko kajin mata yanzu saransa suke yi, don haka ƙarƙashinta yake yini. Da hannu nake ba shi ruwan gero. A ƙwarya, in an tambaya.

Yanzu shawara nake nema, kuma ka ga na rubuta kalmar. Kwana nawa zakaran da aka karya wa zuciya yake yi kafin ya sake cara? Yana ma sakewa?

Batun kan kifi, ni ban tuna na yi kuka ba. Mansura ta ce har yau shi nake fara ɗauka a kwano. Kai dai ka ji daɗi, kullum kana jin muryarta. Ni sai a takarda, ita ma sai da na yi rashin kunya.

Riskuwa


Gulma
17 ga Agusta

Yaya,

Muna lafiya. Inna tana nan yadda take. Na ce mata Gajere yana jinya a hannunka, ta ce to ya samu mai jinya.

Yana sakewa. Ka ware masa kaji biyu masu sanyin hali, ka kulle sauran. Ka ajiye masa abin hawa. Kuma ka daina tsaya masa a kai, don na san ka. Ranar da ya tabbata ba kowa bisansa, zai yi. Ba a yi masa gaggawa, amma Yaya, jikin Inna ma ba ya jira.

Albashir


Badariya
27 ga Agusta

Ƙanena Albashir,

Lafiya ƙalau! Ka gaida kowa.

Ya yi! Yau da asuba ina tsugune ina alwala, na ji fuka-fukai. Na ɗaga kai, ga shi ya haye bisa karkatacciyar ƙofar nan, ya juyo da idonsa mai kyau gabas. Ya ja, ta karye masa a tsakiya, ya yi tari, ya ƙarasa. Sau biyu. Buta ta kife mini a ƙafa. Mansura ta fito tana cewa wa ya mutu, na ce ba wanda ya mutu, je ki kwanta. Kwana goma na yi ina leƙensa ta tagar kicin kamar ɓarawo, tunda ka hana ni tsayawa kusa.

Ba Dankure zai kawo shi ba. Ni zan kawo shi ranar Juma'a bayan masallaci. Ka tarye ni Argungu da jirgi. Na ƙera masa akwatin tafiya mai ramukan iska, wannan kam ko kai ba za ka sami abin kushewa ba. Kwana ɗaya zan yi, don akwai ƙofar makaranta da na yi alkawarin kafawa ranar Lahadi.

Kafin in iso, a kawar da Kwamanda daga gidan. Kada Gajere ya ji ko tarinsa. A yi wa Inna romo da shi, ta ji nauyinsa a cikinta tunda ta ji a cinya. Ka haɗa Gajere da tsofaffin kajinka biyu. In Allah ya kawo ƙyanƙyasa, zakara ɗaya naka, ɗaya nawa, kuma wannan karon kai za ka fara zaɓa, ni na gama da wannan rigimar. Amma duk wanda ya tambaya, a gidana ya fara cara. A faɗi gaskiya.

Yayanka,
Riskuwa


Gulma
2 ga Satumba

Yaya Riskuwa,

Ina fata ka isa lafiya. Na ga yadda ka shiga jirgi ranar Asabar ranka a ɓace, don bai yi ba kana nan. Na faɗa maka baƙon wuri ne, sai ya san gidan.

Lahadi ma shiru. Yau Litinin ya hau bisa tsohon jirgin Baba ya yi sau uku, da tarin da komai. Kafin in fito daga ɗaki na ji Inna tana laluben buta da kanta. Ta zauna bakin gado ta ce, "Hanifa, kawo man ruwa, Riskuwa ya tashe ni." Ta yi salla a zaune. Ta sha kunu kofi guda ta nemi ƙari.

Ƙanenka,
Albashir


Badariya
4 ga Satumba

Albashir,

Alhamdu lillahi. Muna lafiya. Gidan ya yi shiru da asuba, amma ba komai.

Tambaya ɗaya. Sunana ta kira? Nawa kaɗai, ko ta haɗa da naka ka cire don ka faranta mini? Ka rubuto daidai yadda ta faɗa.

A'a, bari. Hanifa ta rubuto. Ita ba ta tsallake layi.

Riskuwa